Yaya da Ƙwallayen Dabino

Daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, wannan ba mai gardama a kai. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya rasu wata Laraba da hantsi a garkarsa da ke cikin kwari, bayan tudun yashin nan na kudu da Gure. Ni na same shi. Na kai masa fura, na tarar ya jingina da kututturen dabino, hula ta zamo masa kan hanci, ƙwallayen dabino jere a gabansa kan yashi. Har na fara yi masa faɗan barci a rana kafin na gane ba barci ba ne.

An yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Goni, limamin unguwarmu, shi ya ja sallar, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mutane sun zo gaisuwa, maza a ƙofar gida, mata a ciki, kowa da "ya haƙuri" a baki. Amma ni kasuwa ce ta rene ni. Na tsufa ina sayar da kanwa da gishirin mangul, na san idon mai saye, na san idon mai leƙe. Waɗannan leƙe suka zo yi. Ido na kan ɗakin Yaya, ana ƙus-ƙus a ƙarƙashin mayafi. Wata har ta matso ta tambaye ni wai da gaske ne an ga koren hayaƙi ya fita ta hancinsa. Na ce mata ƙwarai, har da ƙaho, ta tashi ta kai labari.

Ranar sadakar uku na daka gumba da hannuna, gero mai kyau, na zuba zumar da nake ɓoyo tun bara. Aka zagaya da ita. Kowa ya karɓa, ba wanda ya kai baki. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ƙulle tata a bakin zane, wai haƙora sun hana ta, sai ta je gida ta jiƙa. Goggon da na ga tana gwaguyar goriba shekaranjiya! Goni kuwa ya ce azumi yake. Ranar Juma'a ce, ni kuma tun da nake ban taɓa jin Goni ya ware Juma'a ita kaɗai da azumi ba. Da yamma na fita zubar da toka, na ga awakin unguwa a bayan danga, bakinsu fari fat.

Na zauna a nan bakin dangar na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar. Sadaka ai don a ci ne a ce Allah Ya kai lada kabari. Wadda akuya ta ci, wa zai yi wa mamaci addu'a a kanta? Yaya bai bar ɗa ba, bai bar mata ba. Ni kaɗai gare shi, kuma in sadakar bakwai ta wuce haka, to an binne shi sau biyu, shi da sunansa.

Abin da ya fi ci mini rai, wannan ba ita ce sadakarsa ta farko ba. Lokacin yaƙin Jamus, da kumandan, Baturen mulki, ya ce kowane bulama, wato mai gari, ya kawo maza, aka tafi da Yaya soja. Shekara ta bi shekara ba labari, sai wani da ya dawo ya ce ya ga an ɗauke shi jina-jina. Muka yi kuka, muka yi sadaka, matarsa ta gama takaba ta yi wani aure can Gamu. Waccan gumbar an cinye ta tas, har da suɗe ƙwarya. Wanda ya fi kowa ci shi ne ɗan baffanmu, ƙane ne gare mu duka biyu, domin ni ina gidan miji a Bune, garkar mahaifinmu hannunsa ta koma. Ga mutum na raye an ci sadakarsa, ya mutu da gaske an ƙi ci.

Ya dawo bayan kowa ya manta da muryarsa, yana ɗingishi, sanye da tsohuwar rigar soja, ba jaka ba akwati. Bulama ya raba garkar biyu. Ɗan baffa ya yi wuf ya zaɓi gefen gangare, inda ƙasa ta fi laima, ya haƙa sabuwar rijiya. Yaya ya karɓi gefen tudu da tsohuwar rijiyar mahaifinmu. Da mijina ya rasu na dawo gidansa ina yi masa tuwo, a nan na san ko wane ne yayana.

Mutum ne da bai yarda da komai ba sai ya taɓa. Fura sai ya sansana, ƙwarya sai ya ƙwanƙwasa, labari kuwa kalma ɗaya gare shi: "Wa ya gani?" A ce masa an yi ruwa a Bune, ya ce wa ya gani. A ce masa kumandan zai rage lanho, wato haraji, bana, ya yi dariya ya ce wa ya gani. Wata rana na ce masa na yi mafarki da innarmu, ya buɗe baki, na ce in ka faɗa wallahi yau ba tuwo. Ya rufe.

Da wannan halin nasa, na yi mamakin ranar da na fara ganinsa yana share yashi da tafin hannu. Ya ajiye tsakuwa a tsakiya, ya zana zagaye a kewayenta, ya zana wani a bayan wancan, da wani kuma. Sai ya ciro ƙwallayen dabino daga aljihu yana jerawa a kan zagayen yana ƙirga, sannan ya ɗauki tsinke ya yi rubutun Nasara a gefe. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mai share yashi ya ɗiga ɗigo a jere, bugun ƙasa yake. Na ce, "Yaya, duba ka koyo a can?"

Ya ɗago ya harare ni. "Ke ma?"

"To me zan ce? Ido gare ni."

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Mata sun riga sun fara zuwa masa da goro. Wannan jakinta ya ɓace, waccan ɗanta ya tafi Kano shiru. Yakan kore su, ya ce shi bai san inda jakin kowa yake ba. Sai gari ya ɗauka cewa dubansa ba na talaka ba ne, na Nasara ne, su yake yi wa. Da ya karɓi goron ya yi musu ƙarya, da yau an ci gumbarsa.

Ranar da na yi masa tambayar nan ya zaunar da ni ya ba ni labari. Da aka harbe shi a ƙugu, ya daɗe kwance gidan likita a ƙasar Faransa. Da ya tashi, wani tsohon malami, shi dai Mushe yake ce masa, ya ɗauke shi aikin wanke kwalabe da hura wuta a ɗakin da ake koya wa ɗalibai sanin asalin abubuwa. Tsohon yana da surutu, in ɗalibai sun watse sai ya zube farin wake a kan tebur ya kama Yaya da karatu. Da tsohon ya mutu ne Yaya ya nemi hanyar gida.

Ya ce, "Kowane abu, in kika yi ta dakansa har turmi ya gaza, ido ya gaza, akwai ƙwayar da ta rage. Atom suke ce mata. Tsakuwar nan ita ce cibiyarta. Ƙwallayen nan kuwa wasu 'yan mitsi-mitsi ne da ke kewaya ta, elektaron. Kowane iri da yawan nasa, kuma ba a zube suke ba, kowa da mazauninsa. Zagayen ciki biyu yake ɗauka, ba ƙari. Na bayansa takwas. Ba a fita waje sai ciki ya cika."

Ya ƙirga mini sha ɗaya a tafi, ya ce in jera. Na sa biyu a ciki, takwas a na biyu, ɗaya ya rage. Ya ce in kai shi zagaye na uku. Sai ya rubuta a gefe, K da biyu, L da takwas, M da ɗaya, ya ce sunayen zagayen ke nan. "Wannan sodiyom ne. Yana cikin kanwar da kike sayarwa, yana cikin mangul. Kin tsufa kina auna shi ba ku gaisa ba."

Ya zana wani a gefe, ya ba ni sha bakwai. Biyu, takwas, bakwai. Ya ce wannan kulor ne, saura ɗaya ya cika takwas. Sai ya sa yatsa ya turo ƙwallon nan guda da ke zaune shi kaɗai a bayan sodiyom, ya kai shi gurbin da ke wajen kulor. "Wannan ya sauke kaya, wannan ya cike giɓi, sun riƙe juna. Gishiri ke nan."

Na ce, "Wa ya gani?"

Kai, ranar Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce ba wanda ya gani, har Mushen. Na ce ashe cinikin biri a sama kuka yi shekara da shekaru. Bai ba ni amsa ba sai da yamma ina tuƙa tuwo. Ya zo murhu ya watsa ɗan garin kanwa a wuta, harshenta ya koma rawaya kamar an zuba rini. Ya kawo guntun jan ƙarfe ya kankare a kai, ta yi kore. Ya ce ƙwallon wajen nan ne zafi ke ɗagawa sama, in ya faɗo mazauninsa sai ya saki haske, kowane iri da launinsa. "Iska ma ba ki gan ta ba, amma kin san ita ta kwashe miki shanya." Kaiconmu, wata maƙwabciya tana tsaye a bakin zana ta zo aron maburgi. Kafin tuwo ya huce, Gure duka ta ji Yaya yana kiran koriyar wuta.

Shi kansa akwai inda abin bai kwanta masa ba. Akwai wani da ke cikin toka, fotasiyom, mai sha tara. Zagaye na uku yana da wurin sha takwas, amma da ya kai takwas sai na gaba ya tsallake ya buɗe zagaye na huɗu. Biyu, takwas, takwas, ɗaya. Sai an ɗan yi gaba, wajen su ƙarfe, sannan a dawo ana cike na ukun. Wannan tsallaken ya dami Yaya har ya mutu. Ya ce ya taɓa tsare Mushe ya ce masa, kai ka ce ba a fita sai ciki ya cika, to wannan fa? Tsohon ya ce masu neman dalili suna da amsa, amma lissafinta ya fi ƙarfin wake. Yaya yakan jera shi ya zuba masa ido yana tsaki, kamar mai kallon baƙon da bai yarda da shi ba.

Ni dai ban saki jiki ba. Na gwada shi yadda nake gwada mai kawo mini kanwa. Na sa ya jera gishiri ranar da nake murna, na sa ya jera ranar da nake zazzaɓi. Na ƙulla niyyar wani abu a zuci ban faɗa masa ba na ce ya jera. Kullum biyu, takwas, ɗaya. Mai duba kowa ya je masa da tasa amsar yake dawowa, wannan kuwa bai san ni ba, bai san damuwata ba. A nan hankalina ya kwanta, har hannuna ya iya jera gawayi da farar wuta ba tare da ya duba ni ba.

Rigimar da ta kashe masa suna a rijiyar ɗan baffa ta faro. Wata rana Yaya yana wucewa ya ga fari-fari ya fito a bakin rijiyar. Ya tsuguna ya dangwala ya lasa, ya ɗebi ƙasar a tafin hannu ya kawo gida ya watsa a wuta. Ta yi rawaya. Washegari ya je ya same shi, ina biye da shi da kwandon dabino.

"Ƙanena, kanwa na hawowa a gefenka. Ka haƙa wata rijiyar can wajen tudu tun da sauran lokaci. In ƙasar ta yi maka kaɗan, shigo tawa."

Ɗan baffa ya jingina da jigo ya ce, "An ce jiya ka ɗebi ƙasar bakin rijiyata."

"Na ɗiba."

"Ka ƙona ta."

"Na sa a wuta in gani."

"Yaya, a garin nan wa ke ɗiban ƙasar mutum ya ƙona in ba da nufi ba? Rabin da aka ba ka ne bai ishe ka ba?"

Ni na san irin kallon da Yaya ya yi masa. Na ja rigarsa, ya fizge. Ya ce, "Da nufi nake da shi, da ba da rana tsaka zan ɗiba ba, sakarai." Kalmar nan ta ƙarshe da ya haɗiye ta, amma Yaya ba ya haɗiya.

Shekara ta kewayo, ruwan ɗan baffa ya yi ɗaci. Albasa ta ƙone a tsaye, alkama ta ƙi kai, jaki ma ya sansana ya kau da kai. Ɗan baffa ya bi majalisa-majalisa yana cewa ruwa ba ya tsami banza. Ya rantse a gaban mutane cewa ruwan rijiyar Yaya ba zai shiga gidansa ba ko ƙishirwa za ta kashe su. Ya sa matarsa ta riƙa zuwa wata rijiya can bayan tudu biyu, ita da ciwon ƙafa, ga 'ya'ya ƙanana. Daga nan aka daina sayen dabinon Yaya sai baƙi. In ya shiga sahu a masallaci, sai a bar ɗan fili tsakani.

A wannan shekarar ya ɗauko wata ɗabi'a da ni ma ta tsaya mini a wuya. Da ya idar da asuba sai garka. Ya zauna gindin dabinon nan, ya juya wa gabas baya, ya share yashi ya hau jera ƙwallaye, ba ya ɗagowa sai rana ta fito. Masu wucewa kan tudu suna hango shi. Aka ce to ga shaida, mai asirin da ya juya wa alƙibla baya ai ya gama fita. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka riƙa fuskantar wani wajen, bakin mutane ya ishe ni." Ya ce rana ke damun idonsa. Na ce wace rana kafin ta fito? Ya ce in kawo fura.

Ga kuma wani abu. In na iso da hantsi sai in tarar igiyar guga a jiƙe, bakin rijiya da laima, alhali bai fara ban ruwa ba. Na tambaye shi, ya ce raɓa ce. Raɓa a bazara! Na zargi ɓarawo, na zargi aljani, kai, har na zargi ko wata bazawara ce yake ɓoye mini. Na so in yi sammako in laɓe, ya ce ranar da na zo garka kafin hantsi, ranar zan koma Bune. Yaya bai taɓa yi mini irin wannan maganar ba, sai na bari, amma ban daina saƙe-saƙe ba.

To, ranar sadakar bakwai na sake daka gumba, na fi ta farko zuba zuma. Na ga an fara karɓa ana sunkuyar da kai, sai wani abu ya taso mini. Na ɗauki ƙwaryar, na ɗauki ƙwallayen Yaya, na fita ƙofar gida tsakiyar maza. Na tsufa, ba wanda zai ce mini koma. Na dire ƙwaryar gaban Goni na ce, "Allah gafarta malam, yau ma azumin ne?"

Goni mutum ne mai gaskiya ko da tana ɗaci. Ya ce, "Baiwar Allah, na sallace shi domin ban taɓa ganin ya bar salla ba. Amma zuciyata ba ta natsu ba. Mene ne yake yi a yashi?"

Na tsuguna na share ƙasa. Wasu suka janye ƙafa, na ji wani yana cewa ashe ta gada. Na zana, na jera, biyu, takwas, ɗaya. Na jera ɗayan, biyu, takwas, bakwai. Na tura ƙwallon nan guda ya cike giɓin, na ce, "Gishiri ne. Wanda ke cikin miyarku. Ku tambaye shi wa zai mutu, ku tambaye shi ina jakinku, abin da zai ce ke nan. Yau haka, gobe haka, gare ni haka, ga kumandan haka."

Goni ya daɗe yana kallo. Ya sa aka goge, ya ce in sake da sunansa a zuciyata. Na sake, bai canja ba. Ya shafa gemu ya ce, "Duban da ke ba kowa amsa ɗaya, ban san shi a cikin duba ba."

Sai ɗan baffa ya yi gyaran murya daga gefe. "Mun ji gishiri. To juya wa gabas baya fa kullum asuba? Shi ma gishiri ne?"

Wallahi ni ma tambayar da na kwana da ita ke nan shekaru. Na ga kawuna suna gyaɗawa, na ga hannun Goni da ya fara matsowa wajen ƙwarya ya koma cikin riga. Na ce a raina shi ke nan, Yaya, na yi iyakar yina.

Sai murya ta fito daga bayan zana, inda mata suke. Matar ɗan baffa ce, wadda ko sunan Yaya ba ta iya faɗa don kunya, kamar yadda matar ƙane ba ta haɗa ido da wan miji.

"Rijiyar ce a gabas."

Ta fito lulluɓe, ba ta dubi mijinta ba.

"Ƙafata ba ta kai ni bayan tudu biyu. Ranar farko na shiga garkarsa da asuba kamar ɓarauniya, na tarar da shi a tsaye bakin rijiya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya sauke guga ya ajiye, ya tafi gindin dabino ya ba ni baya. Tun daga ranar haka yake yi, don kada ya gan ni, don in an tambaye shi ya ce bai gani ba." Sannan ta juyo wajen mijinta. "Maigida, tun shekarar da tamu ta yi ɗaci ruwansa muke sha. Da shi na yaye autanka. Da shi kake alwala, har kana yaba daɗinsa. In saki ne ka sake ni, amma ba zan bar sadakar mutumin nan ga awaki ba."

Ta tsuguna ta ɗauki dunƙulen gumba, ta kai baki a gaban maza, tana ci hawaye na zuba a kai. Ta ce Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da 'ya'yanta.

Ni kuwa igiyar gugar nan ce ta faɗo mini a rai, da raɓar bazara, da bazawarar da na ƙaga masa. Goni ya ce zato zunubi ne, astagfirullah, ya miƙa hannu ya ɗauka. Daga nan hannuwa suka yi ta shiga ƙwarya. Goggo ta aiko daga ciki wai a kawo mata nata, haƙoran sun yi sauƙi. Aka yi addu'a mai tsawo, amin ɗin ranar ta fito daga ciki, na ji bambancinta da ta ranar uku. Ɗan baffa kaɗai bai ci ba. Ya tashi ya saka takalmi ya tafi, ko sallama babu. Bai saki matar ba, amma an ce kwana ya yi bai yi wa kowa magana ba.

Wannan shi ne yayana. Mai tsaki, mai baƙar magana, wanda bai yarda da fura ba sai ya sansana. Ya je ƙasar da ba mu sani ba ya dawo da abin da ba ya sayuwa a kasuwar Gure, ya ƙi sayar da shi da sunan ƙarya. Ina faɗin wannan ne domin in na bi shi, kada a ce an taɓa yin wani boka a kwarin kudu. A ce an yi mutum mai jera ƙwallayen dabino, wanda abu ɗaya ya dame shi a duniya, me ya sa na sha tara yake tsallake. Allah Ya sa yanzu an gaya masa dalili. Allah Ya yalwata masa kabari, Ya haɗa shi da innarmu.

Na rage dunƙule ɗaya ranar. Washegari da na idar da asuba na tafi garka, karo na farko kafin hantsi. Na ajiye gumbar a ƙaramar ƙwarya a bakin rijiya, na rufe da faifai. Na je gindin dabinon na zauna inda yake zama, na ba gabas baya, na share yashi. Ina cikin jera zagaye na biyu na ji tafiya. Ba tafiyar mai ciwon ƙafa ba ce, wannan takun namiji ne, mai nauyi, yana yi yana tsayawa. Na ji guga ta faɗa ruwa. Na ji an daɗe a tsaye. Wuyana har ƙaiƙayi yake don son juyawa, amma na ci gaba da ƙirga, na gama gishiri na shiga gawayi, na gama na shiga farar wuta, sai da rana ta dafa mini ƙeya.

Da na je, igiya a jiƙe, ƙwarya ba komai. In kun tambaye ni wa ya gani, ban gani ba. Garkar nan awaki na shiga. Sai dai ni tun da nake ban taɓa ganin akuyar da ta ci gumba ta mayar da faifai ta rufe ƙwarya ba.